Babi na Bakwai: Ladan Kuturu

Kaladan sunan kogi ne a yammacin ƙasar Bama, wadda a yau ake kira Myanmar. A farkon 1944 Turawan Ingila suka tura runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma cikin kwarin wannan kogi domin su kara da Japanawa. Akwai 'yan Gwal Kwas, wato Ghana ta yau, a cikinsu, da 'yan Nijeriya, da na Saliyo da Gambiya. Hanyar mota sai wadda suka sara da hannunsu, kaya a ka, abinci kuma ta jirgin sama ake jefo musu. Da yawa daga cikin sojojin Gwal Kwas 'yan arewa ne, kuma da Hausa ake ba su umarni. Da yaƙi ya ƙare, sai aka ɗauko sunayen wuraren da aka zubar da jini aka laƙaba wa barikoki: Burma Camp a Accra, Myohaung kusa da Takoradi, Kaladan a Tamale. Daga bariki sunan ya bi unguwa, ya bi filin ƙwallon da Real Tamale United ta daɗe tana wasa a cikinsa kafin a gina babban filin gasar Afirka ta 2008.

A wuyan waɗannan sojoji aka rataya labarin shigowar tabar wiwi Ghana. An ce a Indiya da Bama suka koyi shanta, suka dawo da irinta a aljihu, kuma haka ake faɗa a Nijeriya. Masanin tarihi Emmanuel Akyeampong ya nuna cewa ganyen ya riga su zuwa: tun a shekarun 1930 ma'aikatan jiragen ruwa daga Saliyo suna yawo da shi a garuruwan gaɓar teku. Dawowar sojojin ta dai ƙara masa kasuwa. Nomansa kuwa ya bunƙasa daga baya, musamman lokacin da koko ya faɗi, kuma fari da gobarar daji na 1983 suka cinye gonaki. Manomin da ya rasa koko ya sami ganyen da yake nuna cikin 'yan watanni, ba ya ruɓewa da wuri, mai saye kuma har gona yake zuwa. Shi ya sa har yau galibin wiwin Ghana daga yankunan Volta, Bono, Ashanti da Gabas yake fitowa. A wannan ciniki, arewa kasuwa ce fiye da gona. A riƙe wannan, domin za mu buƙace shi idan mun zo maganar wanda zai ci riba.

Shekara 30 cur, daga 1990, dokar da ke aiki ita ce doka mai lamba 236 ta gwamnatin soja ta Rawlings. Ba ta da sassauci. Wanda aka kama da ƙwaya ko ganye, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10. Wanda aka samu da laifin sha, shekara biyar. Alƙali ko ya tausaya, hannunsa a ɗaure yake. Saurayi ɗan shekara 20 da aka samu da ƙulli ɗaya a aljihu zai iya shiga kurkuku ya fito yana ɗan 30, ba sana'a, ba aure, ga abokan da ya yi a ciki. Duk da haka wiwi bai yi tsada ba, bai kuma yi wuyar samu ba.

A 2014 aka fara jin wata murya dabam, kuma daga inda ba a zata ba. Akrasi Sarpong, wanda shi ne shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasar a lokacin, ya fito ya ce ya kamata a zauna a tattauna batun halatta wiwi. A watan Yunin wannan shekara, kwamitin da Kofi Annan ya kafa ƙarƙashin jagorancin Olusegun Obasanjo ya ba ƙasashen Afirka ta Yamma shawarar su daina ɗaure mai sha, su mai da ƙarfinsu kan manyan dillalai. Shi kansa Annan ya rubuta a 2016 cewa gara gwamnati ta karɓi ragamar kasuwar wiwi ta tsara ta da a bar ta a hannun masu laifi. A 2015 Blakk Rasta, mawaƙi kuma mai gabatar da shiri a rediyo, haifaffen Tamale wanda sunansa na yanka Abubakar Ahmed, ya ce kashi 80 cikin 100 na 'yan majalisa suna sha. Majalisa ta kira shi gaban kwamitinta, ya ba da haƙuri. Ras Mubarak, wanda ya wakilci Kumbungu da ke maƙwabtaka da Tamale daga 2017 zuwa 2021, yana cikin masu neman a sassauta. A ɗaya gefen kuma Dakta Akwasi Osei, babban likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar a wancan zamani, bai gushe ba yana gargaɗi, yana faɗin abin da yake gani a asibiti.

A watan Maris na 2020 majalisa ta zartar da sabuwar doka mai lamba 1019. Nan take labari ya bazu a waya da bakin titi cewa Ghana ta halatta wiwi. Ba haka ba ne. Sashe na 43 na dokar ya ba ministan harkokin cikin gida ikon ba da lasisin noman irin wiwin da sinadarinsa mai bugarwa, wato THC, bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, domin zare da iri da magani. Wannan iri ko buhu guda mutum ya zuƙa, ciwon kai kawai zai samu. Wanda ake naɗewa a sha yana ɗauke da ninkin-ba-ninkin wannan adadi, kuma yana nan a haramce. Abin da ya sauya ga mai sha shi ne hukunci: maimakon shekaru a kurkuku, tara ce daga sidi 2,400 zuwa 6,000, wanda ya kasa biya kuma a ɗaure shi har zuwa wata 15.

Ko wannan ɗan sashe bai tsira ba. A watan Yulin 2022 Kotun Ƙoli ta soke shi da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku. Hujjarta ba ta shafi ganyen ba. Ta ce an cusa sashen ne ba tare da an yi masa muhawarar da tsarin mulkin 1992 ya tanada ba. Gwamnati ta nemi a sake dubawa, a watan Mayun 2023 ta sake faɗuwa, biyar da huɗu. Shugaban majalisa Alban Bagbin bai ɓoye fushinsa da kotun ba. A watan Yuli majalisa ta sake zartar da sashen a matsayin gyaran doka, a watan Disamba kuma ƙa'idojin noma da sarrafawa suka fara aiki, a zamanin minista Ambrose Dery. A ganina kotun ta yi wa ƙasa alheri. Magana irin wannan ba a shigar da ita ta taga.

Matsalar ita ce muhawarar da aka yi a zauren majalisa ba ita ce ake yi a Kaladan ba. Ka zauna a majalisar masu shayi da daddare, ko a inuwar da masu babur mai ƙafa uku suke jiran fasinja, za ka ji abubuwa uku a cakuɗe kamar abu ɗaya ne. Wani yana maganar gonar zare da masana'anta. Wani yana maganar a daina kama yara. Na uku yana maganar a buɗe shago a sayar, gwamnati ta karɓi haraji kamar yadda ake yi a Kanada. Saurayi zai ce: "Alhaji, ai ana sha ko an so ko ba a so. Kuɗin da 'yan geto suke ci, ba gara gwamnati ta ci ta gyara mana hanya ba?" Dattijo zai amsa: "Yaro, hanyar da aka gina da hankalin ɗan'uwanka, wa zai bi ta?" Kowannensu yana da gaskiya a wani wuri, amma ba a kan tambaya ɗaya suke ba.

Maganar haraji ta fi kowacce daɗin ji, musamman a ƙasar da ta kasa biyan bashinta a Disambar 2022, ta karɓi rancen dala biliyan 3 daga Asusun Lamuni na Duniya a Mayun 2023, kuma talaka ya sha harajin tura kuɗi ta waya har sai da aka soke shi a 2025. Ita ce kuma hujjar da na fi ganin rauninta.

Masu ita suna da misali daga cikin gida, kuma misali ne mai kyau. Akpeteshie, barasar da ake dafawa daga bammi ko rake, Turawan mulkin mallaka sun haramta ta, aka yi ta kame ba a ci nasara ba, har gwamnatin Nkrumah ta halatta ta a 1962. Kame ya ƙare, masu dafawa suka kafa ƙungiyoyi. Amma akpeteshie ba ta taɓa zama abin da baitulmali ya dogara da shi ba, domin abin da kowa zai iya yi a bayan gidansa yana da wuyar yi wa haraji. Wiwi ya fi ta sauƙi. Ba ya buƙatar tukunya ko bututu. A ƙasar da mafi yawan ciniki ba ya bin takarda, mai sayar da ƙulli a lungu ba zai je ya yi rajista ba, kuma kullum zai fi shagon gwamnati araha da daidai kuɗin harajin.

Jihar Colorado ta Amurka ita ce zakaran gwajin dafi da ake yawan ambata. Mutanenta sun kaɗa ƙuri'ar halattawa a 2012, aka fara sayarwa ranar 1 ga Janairun 2014, kuma zuwa 2019 jimillar abin da jihar ta tara ya haura dala biliyan ɗaya. An ware dala miliyan 40 na farko a kowace shekara domin gina makarantu. Kuɗi ne, ba a musu. Sai dai ko a 2021, shekarar da harajin ya kai ƙololuwa da sama da dala miliyan 400, bai kai kashi 2 cikin 100 na kasafin jihar ba, daga nan kuma ya fara sauka. A Kaliforniya haraji ya yi nauyi har kasuwar bayan fage ta ci gaba da cin karenta ba babbaka, aka tilasta wa jihar soke harajin noma a 2022. Kanada, wadda ta halatta a Oktoban 2018, ta fi su nasara wajen janyo masu saye zuwa shagunan doka, amma ta ɗauki shekaru, kuma tana da ma'aikatan da za su auna ƙarfin kowane ƙunshi su duba shekarun kowane mai saye. Tailan ta buɗe ƙofa a 2022 ba tare da irin wannan shiri ba, shaguna suka cika titunan Bankok, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita.

Akwai wani abin da ya fi lissafi damuna. Gwamnatin da ta saka harajin wani abu cikin kasafinta ta shiga sahun masu fatan abin ya yi kasuwa. A cinikin duk wani abin maye, riba ba ta fitowa daga mai taɓawa sau ɗaya a wata. Daga wanda ya kamu take fitowa, mai sha safe da yamma. Idan albashin malamin makaranta ya rataya a kan yawan abin da samari suka zuƙa, wane minista ne zai yi murna idan sha ya ragu? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kafin a yi maganar ladan, a nuna mana askar.

Ga yadda askar take. Ghana tana da manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda uku: na Accra, na Pantang da na Ankaful kusa da Cape Coast. Duka ukun a kudu suke, a bakin teku ko kusa da shi. Daga Tamale zuwa Accra tafiyar sama da kilomita 600 ce. Abin da arewa take da shi shi ne sashe a Asibitin Koyarwa na Tamale, da ma'aikatan jinya a asibitocin gundumomi, da ƙungiyoyi irin su BasicNeeds. An sa Tamale cikin jerin wuraren da za a gina wa asibitin ƙwaƙwalwa a shirin Agenda 111 na gwamnatin Akufo-Addo, aka sauka daga mulki ba a buɗe shi ba. Mutanen garin ba su manta da Dakta David Abdulai ba, mai asibitin Shekhinah, wanda ya yi shekaru yana aika abinci kullum ga masu taɓin hankali da ke kwana a tituna har ya rasu a 2016. Allah Ya saka masa. Amma abin da mutum ɗaya ya ɗauka saboda tausayi nauyin hukuma ne tun asali. Uwar da ɗanta ya fara magana shi kaɗai, ya daina wanka, yana zargin kowa a gida, yawanci wurin mai ruƙiyya ko mai maganin gargajiya take fara kai shi, wani lokaci har da mari a ƙafa, domin nan ne kusa kuma nan ne aljihunta zai iya.

Ba kowane mai shan wiwi ne yake haukacewa ba. Mafi yawansu ba sa yi, kuma mai cewa suna yi yana zubar da ƙimar gargaɗinsa a idon samarin da suka san abokansu. Amma haɗarin gaskiya ne. Wani babban bincike da aka yi a birane da dama na Turai da Brazil, wanda mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019, ya gano cewa mai sha kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali, idan kuma mai ƙarfi yake sha kullum, kusan sau biyar. Wanda ya fara da ƙuruciya, ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna ba, shi ya fi shiga haɗari. Tamale kuwa gari ne na matasa, yana cikin biranen da suka fi saurin girma a yankin, kuma aikin yi bai bi saurin haihuwa da ƙaura ba.

Galibin mutanen Tamale Musulmi ne. Almajiran Anbariya ta Afa Ajura da 'yan Tijjaniyya sun yi shekaru suna saɓani a kan mas'aloli da yawa, amma a kan haramcin abin da ke gusar da hankali bakinsu ɗaya. Maganar ma ba sabuwa ba ce. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya yi kakkausan rubutu a kan hashish lokacin da ya yaɗu a Masar da Sham. Ghana dai ba da shari'ar Musulunci take mulki ba, kuma tana karɓar harajin giya. Don haka fatawa ba za ta yanke hukunci a majalisa ba. Za ta dai yanke abin da unguwa za ta yarda a buɗe a ƙofarta, kuma ɗan siyasar da ya raina wannan bai san garin ba. Ina kuma roƙon malamanmu su bambance. Igiya da tufa da man da aka samu daga tsiron da ba ya bugarwa ba su shiga hukuncin maye ba, kuma fiƙihu ya daɗe da sanin lalurar magani. A Disambar 2020 ma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukunin abubuwan da ake ɗauka ba su da wani amfani a likitance, da ƙuri'a 27 a kan 25. Idan malam ya haɗa komai ya yi masa kuɗin goro, yaron da ya karanta bambancin a wayarsa zai daina sauraron sauran wa'azin.

Noman da doka ta halatta fa, wa zai ci moriyarsa? Lesotho ce ƙasar Afirka ta farko da ta ba da lasisin noman wiwin magani, a 2017. Kuɗin lasisi da tsadar kayan aiki suka sa harkar ta faɗa hannun kamfanoni masu jarin waje, manoman duwatsu da suka gāji noman ganyen daga kakanni suka ci gaba da sayarwa a ɓoye. Maroko ta bi wata hanya: bayan dokarta ta 2021, ta keɓe noman ga larduna uku na tsaunukan Rif inda aka saba yinsa, ta ce manoma su shiga ƙungiyoyin haɗin gwiwa, a Agustan 2024 kuma sarki ya yi wa manoma sama da 4,800 afuwa. A Amurka, bayan an halatta irin na masana'antu a 2018, manoma suka yi rububi, kasuwa ta cika, farashi ya rushe cikin shekara biyu. Akwai kuma matsalar da ta shafe mu kai tsaye: zafi da ƙishirwa suna iya ɗaga sinadarin tsiron ya haura 0.3, kuma gonar da ta haura ta zama haramtacciya, sai ƙonawa. Manomin Savelugu ko Tolon a arewacin Ghana, mai damina ɗaya a shekara, wanda ya ga yadda ruwa ya ɗauke a tsakiyar daminar 2024, ba shi da ƙarfin ɗaukar irin wannan asara. Mutanen arewa sun ga yadda noman auduga ya durƙushe. Sun ga hukumar SADA da aka kafa a 2010 domin ta ɗaga yankin, da yadda shirinta na kiwon zabi da dashen itatuwa ya ƙare a bakin 'yan jarida da masu binciken kuɗi. Idan sun ji an ce ga sabon zinare kore, suna da dalilin tambayar sunan wa ke kan lasisin.

Ana cikin wannan ne wani abu ya zo ya sha gaban wiwi. Tun wajen 2018 tramadol ya addabi Tamale. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma mai 225 ake samu a hannun yara. Daga baya jar ƙwayar da ake kira Red ta shigo. A Fabrairun 2025 binciken BBC ya bi sawunta har wani kamfani a Mumbai, ya nuna cewa haɗin tapentadol ne da carisoprodol, haɗin da babu ƙasar da ta amince da shi a matsayin magani. Cikin kwanaki Indiya ta hana yin sa. A cikin shirin an ga Tamale, an ga wani basarake, Alhassan Maham, da 'yan sa-kai kusan 100 da ya tara suna bin lunguna suna ƙwace ƙwayoyi suna ƙonawa. Duk wanda ya ga saurayi a tsaye yana barci, baki buɗe, ya san abin da ya fito da waɗannan mutane daga gidajensu. Aikin sa-kai yana da nasa haɗarin idan babu doka a kansa, amma fitowarsu shaida ce cewa iyaye sun gaji da jira.

A nan masu neman halattawa suke da hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ya kamata a saurare ta da kyau. Hannun da ke miƙa wa yaro ƙullin wiwi shi ne yake miƙa masa Red. Da a ce wiwi a shago yake, da yaron bai taka geto ba. Wannan tunani ne ya sa Holan ta fara kau da kai ga ƙananan masu sayarwa tun 1976, domin ta raba kasuwar ganye da ta hodar iblis da heroin. Hujja ce ta lafiya, ba ta kuɗi ba, kuma na fi girmama ta. Amsata ita ce tana buƙatar hukumar da za ta iya tsare ƙofar shago. Hukumar da tramadol mai 225 ya wuce ta gabanta a kwantena, ba na jin ta shirya hana ɗan shekara 15 sayen ganye. Wata rana tana iya shiryawa. Yau ba ta kai ba.

Nijeriya ta tsaya a wancan gefen gaba ɗaya. Dokar soja ta 1966 ta kai ga tanadar hukuncin kisa ga mai noma kafin a sassauta ta. Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, ya yi ta kiran a halatta noman na magani, shugaban hukumar NDLEA Buba Marwa ya ce a'a. Duk da tsananin, binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya da miliyan 10.6. Mai ganin kurkuku ne magani, ya dubi wannan adadi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Ghana ta riga ta sa wa wiwi haraji, kuma talaka ne kaɗai yake jin nauyinsa. Tarar sidi 2,400 ita ce mafi ƙaranci. Mafi ƙarancin albashin yini a 2025 sidi 19.97 ne, wato sai mutum ya yi aikin kwana 120 bai ci bai sha ba kafin ya haɗa ta. Ɗan mai hali zai biya kafin azahar ya koma gida. Yaron makanike ko mai tura kura a kasuwar Aboabo ta Tamale, uwarsa za ta sayar da akuya da zannuwan aurenta, ta bi dangi gida-gida, idan bai cika ba ya tafi gidan yarin Tamale. Laifi ɗaya, hukunci biyu. Kuma tazarar da ke tsakanin kame da kotu ita ce inda ake sasantawa a tsaye, kuɗin da ba ya shiga asusun kowa sai aljihu. Dokar 2020 ta fi ta 1990 nesa ba kusa ba, amma ta bar wannan rami a buɗe.

Saboda haka matsayina bai yi daidai da na kowane ɓangare ba. Ban yarda a buɗe shagon wiwi don neman kuɗin shiga ba. Ban kuma yarda a ci gaba da ɗaure yaro don ya kasa biyan tara ba. A kai shi wurin magani, ko a sa shi aikin gayya na unguwa ƙarƙashin idon kotu da mai unguwa, a bar ɗakin kurkuku ga mai shigo da kwantena. Noman zare da magani, tunda an halatta, a yi shi a fili: a buga sunayen masu lasisi, a ware kaso ga ƙungiyoyin ƙananan manoma, kada a ce sai mai miliyoyi.

Dokar 1019 da kanta ta tanadi asusun farfaɗo da waɗanda shaye-shaye ya kama, ta kuma ba kotu damar tura mai sha wurin magani. Alƙali a Tamale ba zai iya tura kowa wurin da babu shi ba. Tun 2025 ma'aikatar cikin gida, wadda lasisin yake hannunta, tana ƙarƙashin Muntaka Mohammed-Mubarak, ɗan majalisar Asawase a Kumasi, mazaɓar da zango ya yi yawa a cikinta, kuma matsalar ba baƙuwa ba ce gare shi. Abin da ya kamata sarakunan yankin Tamale da limamai da 'yan majalisar Tamale su nema a wurinsa a rubuce shi ne a ɗaure wani kaso na kowane kuɗin lasisi ga wannan asusu, a riƙa bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita kowace shekara, kuma cibiyar farko da za a gina da kuɗin ta kasance a arewa.